Tawul Ɗin Gawayi

Baba Mai Guga mutum ne da bai iya faɗa ba. Tun yana saurayi yake tsaye a shagon nan na ƙarƙashin bene, tsakanin mai kemis da makaniken babura, da teburinsa da dutsen gugarsa na lantarki, da na gawayi saboda ranar da aka ɗauke wuta. A nan furfura ta same shi. Ko kwalar riga ce ta yi masa gardama, lallashinta yake yi, yana shafawa yana haba-haba. 'Ya'yansa kuwa, duk wanda ya yi ɓarna alewa yake ba shi don ya bari. Allah ne kawai ya shirye su, amma ba dabarar ubansu ba.

Da yaran suka girma kowa ya kama gabansa, sai wata baƙar kyanwa ta shigo shagon ko sallama babu, ta zauna. Ya sa mata suna Gawayi. Ya so ta, so na gaske, don ita kaɗai ke sauraron labarinsa har ƙarshe ba ta ce masa ai jiya ma ya faɗa ba.

Aibinta ɗaya ne, amma babba. Da zarar ya goge kaya ya ninke, tun da ɗuminsu za ta haye ta miƙe ƙafa, kuma 'yar banzar ba ta zaɓen komai sai farare. Shi kuma bawan Allah sai ya ɗauko busasshen kifi ya roƙe ta ta sauko. Ta sauko, ta cinye, ta lashe baki, ta koma. Kafin a ankara ta gane cewa hawa kayan mutane sana'a ce mai albashi.

Wata ma'aikaciyar asibiti ce ta fara kwashe kayanta, bayan ta wuni a bakin aiki da baƙin gashi a kafaɗa. Wani malamin makaranta ya bi bayanta. Da labari ya kai gida, Maman yara ta yanke hukunci: aka sake rasa kwastoma ko ɗaya, da hannunta za ta kai Gawayi sitonsu ƙaninta a can ƙarshen gari, ta kama ɓeraye ta ci guminta. Ranar Baba ko abinci bai iya ci ba.

Makanike ya ba shi shawara, wai da fesa ruwa ya hana karensa tauna tayoyi. Ai kuwa ga robar fesa wa kaya ruwa a gefen teburi. Gawayi na hawa, Baba ya rufe ido ya fesa. Ta juyo ta dube shi. Ya ba ta haƙuri, ya goge ta da gefen rigarsa, ya ninka mata kifi. Makanike ya ce daga yau ya cire bakinsa.

Mai kemis ce ta zaunar da shi, da yake ita ma tana da kyanwowi a gida. Ta ce ya daina biyanta ladan ɓarna, kifi sai tana ƙasa, kuma tunda ɗumi take nema, ya yi mata wurin kwanciya nata. Baba ya samo kwali ya shimfiɗa tsohon tawul. Gawayi ta shinshina, ta ji shi sanyi ƙalau, ta wuce abinta. To ka san mai guga, maganin komai a wurinsa guga ne. Ya ɗora tawul a teburi, ya fesa ruwa, ya goge gaba da baya har da kari, ya mayar. Ta shige ta kwanta. Daga ranar ba ta sake hawa kayan kowa ba, sai dai da tawul ya huce za ta miƙe ta yi masa kuka, shi kuma ya ajiye aikin mutane ya sake gogewa.

Yana cikin haka wata safiya Maman yara ta shigo ganin yadda ake ciki. Ta tsaya tana kallonsa yana bin gefen tawul da hancin dutsen guga, kyanwa na zaune tana jira. Ya yi ta zuba bayani. Ta ce ta ji, Gawayi ta ci gaba da zamanta a shago. Amma ba ta yi dariya ba.

"Baban yara," in ji ta, "tun da na shigo gidanka ko mayafina ba ka taɓa goge min ba. Kullum ka dawo a gajiye. A ƙarƙashin katifa nake danne shi."

Kunya ta rufe shi. Ya dubi mayafin, duk ya yamutse, kuma sai yau ya gani. Ya miƙa hannu, ta cire ta ba shi, ta zauna a benci. Ya goge shi a hankali, ya yafa mata tun da zafinsa. Ta ja shi ta rufe kafaɗunta.

"Ashe haka abin yake da daɗi," ta ce. "Dole kyanwa ta haukace."