Hayaƙin Zaƙami a Rugar Ardo

Ku da kuke koyon sana'ar nan a hannuna, kuna ganin furfura kuna zaton da hankali aka haife ni. To ku ji: na yi shekaru ina ba mutane maganin da ni kaina tsoronsa nake ji. Ranar da abin ya juyo kaina kuwa, har gobe ba ta fita raina ba.

Lokacin sussukar gero ne, a shekarun da mahara daga arewa suke hana mu noma nesa da ganuwa. Ina ƙarƙashin Sarkin Wanzamai a Safana. Shi ke raba aiki: wannan kaciya, wancan ƙaho, ni kuwa da karatuna bai wuce na salla ba, aka bar mini masu fuka. Ya kira ni ya ce, "Ɗanbaba, Ardon da ke bayan Runka ƙaiƙayin gero ya shaƙe masa ƙirji. Je ka. In ka kunyata ni, kada ka biyo ta ƙofata."

Ga yadda aikin yake. A zuba garwashi a kasko, a barbaɗa busasshen ganyen zaƙami kaɗan, a kife da ƙoƙo mai huda, a zura bututun gora a hudar. Mara lafiya ya zuƙa har cikin ƙirji, ya riƙe, ya saki ta hanci. Maganin sha sai ya zaga ciki tukuna. Hayaƙi kuwa kai tsaye yake sauka inda ciwon yake, ya buɗe hanya, saura ya bi jini. Shi ya sa baki ke bushewa. Washegari ƙirji ya share kansa, a tofar da kaki mai toka.

Al'ada kuma, mai magani ke fara zuƙa a gaban jama'a, don a san ba sammu. Ni kuwa na taɓa ganin zaƙami ya sa wani ƙato rawa ba wando a kasuwar Batsari. Sai na yi dabara: in tara hayaƙin a kumatu, in zare ido, in busar. Ko maƙogwarona bai san an yi ba.

Na tarar da Ardo a jingine, ƙirjinsa na kuka kamar 'yan kyanwa. Muka yi safe, muka yi yamma, muka kwana muka tashi, ba sauƙi. Leɓunansa suka fara duhu. 'Ya'yansa suka daina amsa gaisuwata, sandunansu kuma suna ta matsowa kusa da su. Uwargidansa, Inna Hari, ta ce, "Kaɗo, turaren sauro ka kawo mana?"

Da na sake miƙa masa gorar, sai na tsaya na dube shi da kyau. Ardo ya kumbura kumatu, ya zare ido, ya busar. Sak ni! Sauran mutane bakina suke saurara. Shi Hausarsa gajera ce, da ido yake karatu, kuma ya haddace ni tsaf.

Na ce, "Allah ya ja zamanin Ardo, dubi ƙirjina, bar kumatun." Na tuɓe riga, na kama hannunsa na ɗora a haƙarƙarina, na yi bisimilla na ja. Wayyo! Na riƙe, hawaye na zuba. Ya gwada, bai kai ba. Na sake ja. Ya sake. Sai da na ji haƙarƙarinsa sun buɗe ƙarƙashin tafina, kukan kyanwar nan ya soma lafawa, sannan na kashe garwashin da hannuna, don kada a zarce.

Abin da ya biyo baya labari aka ba ni. Wai na durƙusa gaban wani bijimi ina tambayarsa iyali. Amma kafin la'asar Ardo ya yi salla a tsaye, ya nemi fura. Duk tsawon aikina ban yi wanda nake alfahari da shi kamar wannan ba, har da bijimin.

Don haka nake matsa muku: mara lafiya jikinku yake kallo fiye da bakinku, kuma hayaƙin da ya tsaya a kumatu, iska kuka yi wa magani.

Washegari da zan tafi, Inna Hari ta miƙo mini ƙwaryar man shanu, ta ƙi saki sai da na ɗago kai. Ta ce, "Kaɗo, ashe kai ma jiya ka fara shan maganinka."