Kacallar da Ba Ta Narke Ba

Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa. In muryata ta yi rawa, a yi haƙuri.

Maigidana malamin kimiyya ne a nan Haɗeja. Da ya ajiye aiki sai ya sa kacalla a gaba, ciyawar nan da ta toshe kogi ta cinye gonar shinkafar mahaifinsa. Ya ce a jikinta akwai zare wanda in an sarrafa shi zai zama farin gari, irin wanda masu sabulun ruwa ke saye don ya yi kauri.

A bayan ɗaki muke aikin. Ni ke yanka kacallar, in dafa ta da soda, in yi ta ɗauraya har ta yi fari kamar auduga. Sauran nasa ne. Ya jiƙa zaren cikin sifirit, ruwan nan mai warin barasa, ya ƙara soda, ya zuba wani magani mai cin hannu, ya ɗora a wuta kaɗan-kaɗan.

Nakan ce, "Malam, wannan talgen naka yaushe zai zama tuwo?"

Ya ce, "Ke dai riƙe muciya, Hajiya."

Aikin ya lalace mana sau ba adadi. Sai gab da rasuwarsa ya dace. Ya barbaɗa garin a ruwa, ya narke, ya yi yauƙi kamar miyar kuɓewa. Ya yi ta dariya, ya ce mu yi mai yawa ya kai wa masu sabulu su gwada. Na wanke zare ƙwarya guda. Kafin ya bushe Allah ya karɓi abinsa.

Ranar addu'a yayansa ya zaga bayan ɗaki, ya buɗe jarka, warin sifirit ya buge shi. Ya ce, "Innalillahi! Kada a ce ƙanena ya mutu da giya a gida."

Na ce, "Yaya, ba ta sha ba ce, ta aiki ce."

"Kina takaba, yi shiru. Asirinsa nake rufawa."

Ya tuttule jarkar da kwalaben magungunan aikin duka a masai. Don ƙauna ya yi, na sani, shi ya sa na rasa wanda zan yi fushi da shi.

Zaren yana nan cikin ƙwarya. Ban san sunan maganin ba, balle awonsa. Wani lokaci nakan tsinki kaɗan in jefa a kofi, in zauna ina kallo ina kuka. Sai ya jiƙe, ya kwanta a ƙasan ruwa yadda na saka shi.