Taya Ɗaya Na Juyawa, Ɗaya Na Tsaye

Shekarar da na bar aikin koyarwa, zama ya gagare ni. Na saba fita da sassafe, sai ga ni a ƙofar gida a Dilimi ina kallon masu wucewa. In shiga, in fita, in buɗe tukunyar da ba ta nuna ba. Da matata ta gaji sai ta ce, "Malam, don Allah ka nemi abin yi, ko da kiwon kaji ne."

Ban yi kiwon kaji ba. Tsohuwar a-kori-kura na saya, fara, mai ja da ƙafafun baya kawai, na shiga ɗauko dankalin Turawa da kabeji daga gonakin bayan Vom zuwa kasuwa. Wadda na fi ɗaukar wa kaya wata dattijuwa ce da mijinta ya rasu ya bar mata gona. Kowa Mama yake ce mata, ni ma haka. Hanyar gonarta takan gangara ta ratsa rafi, sannan ta hau tudu mai jar laka. Da rani lafiya lau. Da damina kuwa, a nan na san kafewar mota.

Yadda take kafewa shi ya fi ci mini rai. Tayar baya ɗaya za ta faɗa santsi ta yi ta juyawa tana feshin laka har kan buhuna, ɗayar kuma tana kan tsakuwa, wuri mai kyau, ko motsi ba ta yi. In sauko in tsaya ina kallonta kamar in mare ta. Sai an tara mutane, an sauke rabin kaya, an cusa duwatsu da ciyawa, kafin mu fita.

Na kai kuka wajen makanikena, wanda tare muka yi makarantar allo. Ya ce ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera ta. A tsakiyar bakaksul, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, akwai wasu ƙananan giyoyi da ke barin kowace taya ta juya da saurinta in an sha kwana, shi ya sa in ɗaya ta rasa riƙo sai ƙarfin injin duk ya gudu wajenta. Ya ce akwai irin bakaksul mai faranti a ciki, wanda in taya ɗaya ta fara zamewa sai ya ɗan riƙe ta ya tura wa ɗayar ƙarfi. Akwai kuma mai makulli, da direba ke kulle tayoyin biyu su juya tare. Amma samunsu aiki ne.

"To kafin nan fa?" na ce.

Ya yi murmushi. "Mu kulle shi da walda mana. Na ga ana yi."

Ban ko bari ya rufe baki ba. A ranar aka kwance, aka liƙe giyoyin nan suka zama dunƙule ɗaya. Na haɗa da sababbin tayoyin baya masu manyan haƙora, irin na shiga laka. Washegari an kwana ana ruwa, na ratsa rafin nan na haye tudun kamar ana ja na da igiya. Ni kaɗai a mota nake dariya.

Matsalar a kwalta take. Tayoyin nan gurnani suke yi tun daga Bukuru har gari, ko rediyo ba na ji. In na zo shan kwana kuwa sai motar ta cije, tayar ciki ta yi ƙuwwa tana tsalle. A lungunan Gangare mutane har juyowa suke yi su ga wa ake yankawa. Kafin damina ta raba, haƙoran tayoyin sun fara sulɓewa. Na san abin ba daidai yake ba, kullum hannuna a ƙage kan sitiyari, kunnena a baya, ina jiran wani sauti da ban san irinsa ba.

Wata safiya sautin ya zo. Na cika mota da kabejin Mama, ina zagaya shataletale, sai na ji ƙas! a ƙarƙashina. Inji na ta kuka, mota ta fara jan jiki kamar gurguwa. Sandar da ke juya tayar dama ce ta karye. Kabejin nan ya sha rana a bakin titi kafin in sami motar da za ta kwashe shi, ganyen sama duk ya yi yaushi. Da na je ba wa Mama haƙuri, ta dube ni ta ce, "Ba komai, Malam. Motan ka ya gaji. Kai ne ba ka gajiya."

Daga nan na tare a shagon wani Inyamuri mai sayar da kayan mota a unguwarmu. Na ce mai faranti nake so, ko daga ina ne. Ya ce, "Oga, zai zo. Kaya yana hanya." Kullum sai na leƙa, wani lokaci safe da yamma. Ya ajiye mini kujera, ba na zama. In zagaya tsakanin tarin ƙarafa, in ɗaga wannan in ajiye, in sake tambayarsa. Mota na kan duwatsu a gareji, ruwa na zuba, wasu na ɗaukar kayan da ni ya kamata in ɗauka.

Da bakaksul ɗin ya iso aka ɗaura, damina ta riga ta wuce. Na je gonar Mama, hanya ta bushe ƙamas, ko keke zai haye. Ga abu a ƙarƙashin mota, ba yadda za a yi in san ko yana aiki. Na kasa haƙura. Wata rana na nufi tsofaffin ramukan kuza, inda ruwa ke kwanciya duk shekara, na zaɓi gefen da ya fi taɓo, na saka mota da gangan. Ta nutse har ciki. Na leƙa ta taga ina taka totur, sai na ga tayar hagu tana juyawa, na duba madubi na ga ta dama ma tana watso laka. Duk biyun! Mota ta zauna a kan cikinta ba ta zuwa ko'ina, ni kuwa murna nake yi. Masu lodin yashi suka zo da tifa suka ja ni, suna tambayar ko hanya na ɓata. Na ce eh.

Da na dawo gida matata ta zagaya motar, ta ce, "Malam, ina ka samo laka da rani?"

Sauran ranin nan a kallon sama na ƙarar da shi. Ko gajimare kaɗan na gani ta wajen duwatsu sai in fito tsakar gida. Ruwan farko ya zo ya wuce, ƙasa ta shanye. Sai da aka yi wani mai ƙarfi, wanda ya cika kwatoci, na ɗauki makulli ban ko karya ba.

Rafin ya kawo, tudun yana ƙyalli. Na sa giya ta biyu na shiga a hankali. A tsakiyar hawan tayar hagu ta zame, bayan motar ya ɗan karkata, na ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, sai ta dama ta kama ƙasa ta tura mu sama. Ba ƙuwwa, ba tsalle. Shi ke nan. Na ɗauka zan ji wani abu babba, amma kafin in farga har na iso.

Mama ta fito daga madafa tana goge hannu. "Dankali ko fure bai yi ba. Me ka zo ɗauka?"

Na ce gaisuwa na zo. Ta zuba mini gwaten acca mai zafi, na zauna a kan turmi ina sha. Cikin hira ta ce ƙanenta na can wani ƙauye bayan duwatsu, da damina mota ba ta isa wurinsu, dankalinsu a ka ake fito da shi, wanda ba a fitar ba ya ruɓe.

Na ajiye kwanon. "Ta ina ake bi?"

"Ka gama abincin ka tukuna."

"Mama, ta ina?"

Ta girgiza kai, ta shiga ɗaki ta ɗauro ɗankwali, ta fito ta buɗe ƙofar gaba ta zauna. Muka bi ta bayan cocinsu, hanya ta tsuke ta zama ta ƙafa, ciyawa na shafar madubi. Ta riƙe ƙofa da hannu ɗaya, ɗayan tana nuna mini gaba, tana cewa, "A hankali, Malam. Akwai rami a nan."