Hoton da Bala Bai Yanka Ba

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Bala mai fenti, mutumin Kwatarkwashi, wanda ya rubuta allunan shaguna da yawa a Sabon Garin Gusau. Allah ya jiƙansa. Jama'a sun san shi da allo da gwangwanin fenti, ni kuwa na san shi da wani littafin ban dariya da ya tafi bai gama ba.

Littafin zane ne a kan wahalar marubuta, tun daga zamanin alƙalamin kara har zuwa namu. Ni yake tsokana da shi, don na daɗe ina rubuta labaran da ba mai leƙawa sai gara. A ciki akwai wani malamin zamanin da, ya gama kwafe littafi, ya juya zai yi alwala, akuya ta cinye. Akwai wanda ya je sayen tsire aka naɗe masa a babi na uku na littafinsa, ya tsaya yana karantawa, mai na ɗiga.

Bala bai iya ƙirƙiro fuska ba, aro yake yi. Mai akuya ya samu fuskar Iro mai shayi. Mai sayen tsiren kuwa Oga Sande ne, maƙwabcinsa mai buga katin biki, wanda ya yi alkawarin buga littafin in an gama. Kuma duk hoton da Bala ya kammala, sai ya ɗauki jan biro ya ja siririn layi a wuyan mutumin. Malaminsa na allo ne ya gaya masa cewa wanda ya zana mai rai, gobe kiyama za a ce ya hura masa rai, amma in an raba kai da gangar jiki, magana ta ƙare. Yanka Bala ke kiran abin. Sai ka ji ya leƙa shagon Sande yana cewa, "Oga, yau na yanka ka." Mu yi ta dariya.

Shafin ƙarshe ni ne, zaune a ɗakin da ke yoyo, na kifa kwano a kai ina rubutu. Ya gama komai har da tabon goshina. Layin kawai ya rage, ciwo ya kwantar da shi, bai sake tashi ba.

Bayansa Iro ya bi, hawan jini. Sande kuma mota ta kife da shi a hanyar Mada. Ni mutum ne mai hankalina, na san ana mutuwa ko an zana ka ko ba a zana ka ba. Amma a cikin fuskokin littafin nan, tawa ce kaɗai ba layi, kuma ni kaɗai na rage.

Matarsa Kulu ta koma gidansu a Bunguɗu da takardun. Duk shekara in na taso daga Tsafe na je gaishe ta, maganarta ɗaya ce. Tana mafarkin Bala a zaune, kumatunsa a kumbure, yana ta hura wata takarda. "Malam Garba," in ji ta, "wanga hoto da yab bari shi ka hana mai hutawa. Don Allah ja layin nan, huskarka ce." Ni kuma in ce na manto biro, ko hanya ba kyau zan koma da wuri. Ina son Bala, Allah ya sani. Tsoro nake ji.

Nakan yi tunanin abin da zai ce da ya ga yau, marubuta na tallan babi-babi a waya, wayar kuma na zana mutum kafin ka ƙifta ido. Zai ƙara mana shafi, ba shakka. Sannan ya tambaya, duk waɗannan fuskokin da ba a yanka ba, wa zai hura musu rai?

Bana na ji kunyar kaina, na sayi jan biro na tafi. Kulu ta ciro hoton daga ƙasan akwati, a ninke yadda ta ajiye shi tun ranar sadakar uku. Ina buɗewa, ashe ninkin ya ci takardar daidai maƙogwarona. Kan ya rabu ya zauna a tafin hannuna, da kwanon da tabon. Ko murfin biron ban cire ba. Kulu ta duba, ta ce, "Alhamdu lillahi. Ya huta."

Allunan Bala an shafe su da sabon fenti, littafin kuma ba wanda zai buga shi yanzu. Abin da ya bari shi ne dariyar da ya koya mini in yi wa wahalata, da kuma kaina da na dawo da shi Tsafe a aljihu. Ina murna abokina ya huta, har zuciyata. Sai dai ainihin ranar cikar shekarar tasa sai makon gobe. Ni na roƙi editan jarida ya buga wannan tun yau, ko da ban kai ba.