Kawu Sule da Ƙarfen Matse Awarata

Ku da kuka san Kawu Sule, kun san ba ya amsa sallama sai ya fara nuna maka bututun nan nasa. Ƙuruciyarsa duk a ɗakin gwaji na jami'a ta ƙare, yana ɗura iskar gas a na'urorin gano radiyeshan, hasken nan da ido ba ya gani amma yana cin jiki. Da ya yi ritaya ya dawo Zakka da guda ɗaya, kullum cikin gyaranta yake. In ta ji abu sai ta ce ƙas, ƙas.

Ran kasuwar Batsari ya kara ta a buhun taki, ta yi ƙas-ƙas-ƙas. Kowa ya watse, har mai takin!

"Ku dawo, matsorata! Wannan ko kaza ba zai kashe ba. Gas ɗina nake gwadawa."

Can kuma ya ce na'urar na faɗin akwai abu amma ba ta faɗin ina. Ya narka darmar tsohon batirin mota, ya yi mata murfi mai ƙaramar huda. Sai ya riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan yana ɗiga biro a takarda duk inda ta yi ƙas, har hoto ya fito. Ya tsare dutsen niƙan matarsa yana ɗaukar hotonsa tun hantsi har azahar. Ta ce, "Malam, yau hoton za mu ci?"

Muka yi ta yi masa dariya, har ranar da ya zo gidana a Safana ina da cikin wata bakwai. Maigidana ya samo wani dunƙulen ƙarfe mai nauyin tsiya wurin 'yan gwangwan, da shi nake matse awara. Kawu na shiga madafi na'urar ta ɓarke kamar ruwan sama a kan kwano.

"Binta, fita! Ko mayafi kar ki ɗauka."

"Kawu, awarata fa?"

"Ke da awarar taki! Tun yaushe yake nan?"

Na ce wata biyu. Ya kalli cikina, ya nuna mini ƙofa. Wallahi ko takalmi ban tsaya ɗauka ba.

Kwana uku ya yi a ƙofar gidan da sanda, ko akuya bai bari ta shiga ba, har jami'an kula da radiyeshan suka zo suka ɗauke ƙarfen. Takardar ɗige-ɗigen da ya yi ce ta nuna ƙarfen ya tsage ta gefe ɗaya, ta nan hasken ke fita, kuma tsagar bango take fuskanta, ba inda nake tsugunawa ba. Duk da haka tsoro bai sake ni ba sai da na haihu.

Ran suna ya ɗora bututun a ƙirjin jaririyar. Shiru.

Na ce, "Kawu, ke nan lafiyarta lau?"

"Wannan likita ne zai faɗa. Ni dai bar ni in ji shirun nan." Sai ga hawaye a idonsa.

Yarinyar yanzu tana aji uku, ba mai kamo ta a guje. Allah Ya ji ƙan Kawu, Ya raba shi da firgicin kabari, Ya tsare shi yadda ya tsare mana ƙofa.