Shekarar da na kasa goyon ɗiyata

Shekaru kaɗan bayan samun 'yancin kai na yi haihuwar fari a gidan mijina, a wani ƙauye kusa da Kurmin Kogi. Ban daɗe da gama wankan jego ba yatsuna suka kumbura. Da safe nakan tashi da hannuwa a sandare, sai hantsi ya yi suke ɗan saki. Daga baya gwiwoyi suka ɗauka. Na sha jiƙe-jiƙe, an yi mini ƙaho, an turara ni, ciwo sai gaba yake yi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ban iya ƙulla majanyi. Jaririyata na kuka, sai dai surukata ta goya ta, ni ina kallo.

Ɗakin shan magani yana Ikara, amma namiji ne ke duba mutane, mu kuma matan gidanmu ba ma fita. Wata ranar Laraba sai ga wata nas a kan keke, ta zo duba masu jego. 'Yar kudancin Zariya ce, Kirista, Hausarta da ɗan karkace. Surukina ya tare ta a zaure. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gida da gona da shanu, sannan ta ce, "Baba, an ce mini akwai 'yarka a ciki da ba ta iya ɗaga hannu. Ni mace ce kamarta. Ka bar ni in gani." Sai ya matsa mata hanya.

Ta riƙe yatsuna ɗaya bayan ɗaya tana dannawa a hankali. Na ce, "Sista, zan warke?"

Ta ce, "Ƙanwata, ba zan yi miki ƙarya ba. Amosanin gaɓɓai ne, ba ya tafiya gaba ɗaya. Amma ana lallashinsa, kuma za ki yi aiki da hannun nan."

Ta ba ni asfirin, ta ja kunnena kada in sha sai na ci abinci. Ta ce kowace safiya in tsoma hannu a ruwan ɗumi, in riƙa murɗa ƙullu ina buɗe yatsu. Ta naɗe mariƙin muciya da tsumma har ya yi kauri yadda zan iya damƙa. Ta kuma ce wa surukata, "Inna, ranar da ciwon ya motsa a bar ta ta huta. Ba lalaci ba ne."

Da ta gano ba ni kaɗai ba ce, sai ta roƙi Baba tsakar gidanmu. Kowace Laraba masu ciwon gaɓɓai suke taruwa. Akwai wata Bafillatana mai tallan nono da ta daina tatsa, Hausarta kaɗan ce. Sista ta sa ta koya mata sunayen gaɓoɓi da Fulatanci, tana maimaitawa muna dariya, har ta iya tambayarta inda ke ciwo ba tare da tafinta ba. Akwai matar wani malamin makaranta, 'yar yankinsu. Akwai wani tsoho manomin dawa, shi a zaure take duba shi.

Wata Laraba matar wani attajirin garinmu ta aiko a kai mata gwangwanin magani gida. Sista ta ce wa mai saƙon, "Ki gaishe ta da jiki. Ki ce gwangwanin nan na kowa ne. Ta zo in duba ta, ga tabarma." Muka yi tsuru-tsuru. Mako na zagayowa sai ga ta a lulluɓe. Ta tarar da Bafillatana ta riga ta, ta zauna ta jira. Ita matar malamin ma ba ta taɓa samun tsallake layi ba, duk da yarensu ɗaya da Sista.

Ciwon Bafillatana ya fi na kowa tsanani. Sista ta taka har ruga sau uku kafin mijinta ya yarda, ta rubuta takarda, ta raka ta wurin likita a Zariya a motar kasuwa. Bayan watanni Bafillatana ta shigo mana da ƙwaryar nono, ta ɗaga hannuwanta tana nuna ita ta tatso.

Ni kuwa da tsakiyar damina na sunkuya, na ɗora ɗiyata a baya, na ja majanyi na ƙulla. Ƙullin bai yi kyau ba, amma ya riƙe. Surukata ta rangaɗa guɗa har maƙwabta suka leƙo. Na zaga tsakar gida sau biyu, gwiwa na zogi, na ƙi sauke ta.

Da aka mayar da Sista wajen Makarfi, taron Laraba bai watse ba. Sabuwar nas ta zo ta same mu a zaune, ruwa a kan murhu, kowa ta san wadda ta riga ta zuwa. Ni ce ke nuna wa sababbin zuwa yadda ake murɗa ƙullu. Yatsuna biyu sun karkace har yau, amma da hannun nan na raini 'ya'ya biyar.