Maɗacin Mma Hawawu

Ni aikina wanke kwalabe ne a wani ɗakin gwaji a nan Tamale. Ban yi karatu mai nisa ba, abin da idona ya gani shi zan faɗa.

Mma Hawawu maƙwabciyata ce a Sabonjida. Saiwa da ɓawon itace take sayarwa a ƙofar gida, sana'ar da ta gada wurin uwarta. Tare da sana'ar ta gaji sanin wani tsohon maɗaci can bayan Jisonayili, a gefen rafi, inda gini bai kai ba tukuna. Ƙa'idarta ɗaya ce: faɗin tafin hannu take yanka a gefe guda, ta shafe wurin da ɗanyar laka, ba ta komawa gefen sai ya warke. In aka zagaye ɓawon bishiya, in ji ta, an yanka ta ke nan. Da maɗacin nan ta raini ƙaninta Imurana bayan rasuwar iyayensu, har ta saya masa babur.

Ni na kai ta wurin Dokta Naila, wadda nake wanke wa kaya, don Dokta tana neman itacen da ake wanke gyambo da shi. Dokta ta dafa ɓawon, ta tace, ta ɗiga cikin wani ruwa mai azurfa, garau kamar na famfo. Muna tsaye ya koma launin shayi. Ta zuba kaɗan a ɗan gilashi mai kusurwa huɗu, ta sa a na'urar da ke ratsa shi da haske.

"Mma, launin nan yana nuna azurfar ta dunƙule mitsi-mitsi, ido ba ya gani. Haske ne ke gaya mana girmansu. Wataƙila su kashe ƙwayar cuta a miki, amma sai mun gwada mun sake gwadawa. Kada ki ce wa kowa magani ne."

"'Yata, wa zan gaya wa? Ke kanki ban nuna miki hanyar bishiyar ba."

Dokta ta yi dariya, kuma ba ta taɓa tambaya ba. Ɗan abin da aka kawo mata ya ishe ta.

Imurana kuwa yana bakin ƙofa ranar, shi ya kai mu. A hanya ya ce, "Sista, ɓawonki azurfa yake haifa, ke kina sayar da shi kamar itacen girki!"

"Kai dai kalli titi, kar ka zubar da mu."

Shekarar nan gwiwa ta hana ta doguwar tafiya, dole ta bar shi ya kai ta har gindin bishiyar. Kafin su tashi ta sa shi rantsuwa a gabana, cewa ba zai taɓa bishiyar ba sai da saninta. Ya rantse da Allah, ya rantse da kabarin uwarsu, ya ƙara da wasu rantsuwoyin da ba wanda ya nema. Ni mutumin da ya cika rantsuwa ba ya kwanta min, amma ba ƙanina ba ne.

Ba a jima ba sai ga shi yana yawo a unguwar Kanvili da lasifika ɗaure a babur, yana tallar kwalabe. Ruwan Azurfa ya sa musu suna: gyambo, sukari, hawan jini, duk ya warkar. Na duba kwalba ɗaya. Dafaffen ɓawo ne kawai, ba azurfa ko ɗigo. Da na gaya wa Mma Hawawu ta yi masa faɗa kan ƙaryar, ya ce a kasuwa yake sayen ɓawon. Ta yarda.

Sai Dokta ta ce a kawo mata ɓawon bishiyar nan dai, za ta maimaita gwajin. Da Mma Hawawu ta ce ya kai ta, Imurana ya yi ta zille-zille, yau taya ta fashe, gobe ba mai. Mma Hawawu ta ɗauki shatar yalo-yalo, keken nan mai ƙafa uku, ta ce in raka ta.

Tun daga nesa muka hango maɗacin. An feɗe shi kamar rago, zagaye kaf, daga gindi har inda tsani ya kai. Ko laka ba a shafa ba. Mma Hawawu ba ta yi kuka ba. Ta gangara rafi da gwiwar nan tata, ta ɗebo laka a mayafinta, ta yi ta shafawa iya inda hannunta ya kai. Ta san ba zai yi amfani ba. Na taya ta.

Da muka dawo muka tarar da Imurana a tsakar gida yana cika kwalabe.

"Haba Sista, bishiyar Allah ce fa, za ta sake tsiro. In na samu ai ke ma kin samu."

"Imurana, ɗauke tukunyarka daga murhuna."

Iyakar abin da ta ce ke nan.

Damina ta zo, itatuwan gefen rafi duk suka yi ganye ban da maɗacin. Dokta ta gwada ɓawon kasuwa, launin bai zo daidai ba, ta koma farkon aikinta. Imurana ya koma tallar wani abu.

Yanzu Mma Hawawu takan fita da sanda bayan asuba, a ƙafa, ta dawo da laka a hannu da ɗan ɓawo siriri na ƙaramar bishiya. Na ce in raka ta. Ta ce in yi zamana, kwalabe na jirana.